Kotsuzumi ko Hyoshigi: wanne ya fi dacewa da fim?

Mai kallon zanen anime ko mai buga wasan bidiyo na Japan ya saba jin sauti biyu: ihun "yoo" mai tsawo da bugun ganga ɗaya a bayansa, da kuma ƙarar katako biyu da ake gwarawa.

Gangar ita ce kotsuzumi, ta Noh, wasan kwaikwayon gargajiya na Japan wanda Kan'ami da ɗansa Zeami suka daidaita a ƙarni na 14. Siffarta kamar kalangu take, tsakiyarta siririya, fatar doki a bakunanta biyu. Makaɗi yana ɗora ta a kafaɗar dama, ya matse igiyoyinta ko ya sassauta don sauya murya, har yakan hura wa fatar numfashi saboda tana son danshi. Ihun nan kuma ba ado ba ne, da shi makaɗa ke riƙe lokaci a tsakaninsu. Abin da ke damuna shi ne yadda masu shirya bidiyo suka mayar da shi abin ba'a, ana saka shi duk inda ake neman dariya.

Hyoshigi kuwa, wato katakon nan biyu, na Kabuki ne, wasan kwaikwayon da ya samo asali a Kyoto wajen 1603. Ana gwara katakon a hankali, sannan da sauri yayin jan labule. Ana jin sa a kokawar sumo ma. Aikinsa sanarwa ne, shi ya sa yake zama daram a buɗe fim ko rufe shi.

Idan ana son jan hankali cikin daƙiƙa biyu, hyoshigi ya isa. Wajen da jarumi zai yanke hukunci mai nauyi kuwa, ni kotsuzumi zan ɗauka.