Gidan sinuka a Aboabo, tebur na gaske

Jiya bayan isha'i na leƙa wani gidan sinuka nan Aboabo, Kumasi, wallahi naji daɗi. Yawancin wurarenmu ƙaramin teburin pul muke kira sinuka, amma wannan babba ne mai tsawon ƙafa 12, jajayen ƙwallaye 15 da masu kala 6 cif, irin na gasar duniya ta hukumar sinuka ta IBSF ta waɗanda basu zama ƙwararru ba, wadda Muhammad Asif ɗan Pakistan ya ci a Doha a 2024. Koren ƙyallen sumul yake. Sanduna ne dai matsala, biyu sun lanƙwashe, alli kuma guntu ɗaya muke ta miƙa wa juna. Nace wa Alhaji mai wurin don Allah a sauya mana, yace insha Allah kafin Juma'a. Zan koma.