Likitan dabbobin da ya duba mana kunkurun Baba

Yawancin asibitocin dabbobi a Kaduna kaji, karnuka da raguna suka saba gani. Shi ya sa wannan ƙaramin na wajen Unguwar Rimi ya cancanci a yi maganarsa, don da muka kira su kan kunkuru ba su ɗauke mu 'yan wasa ba.

Kunkurun Baba ne, irin manyan nan na Sahel masu haƙa rami, ya girmi duk jikokin gidan. Cikin zafin Afrilu ya kife a kan simintin tsakar gida da rana tsaka. Ko da aka gan shi wuya ya saki, ƙafafu sun saki, ga kumfa a baki. Yara har sun fara kuka.

Rabin aikin ta waya likitan ya yi shi, kuma nan ya fi burge ni. "Hajiya, kada a zuba masa ruwan firji ko ƙanƙara. A juya shi a hankali, a kai shi inuwa, a sa shi a daro da ruwan randa, kada ruwan ya wuce haɓarsa." Ya hana a ɗura masa ruwa a baki, don zai iya zarcewa huhu. Ya ce kunkuru ba ya zufa, zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa, sanyin farat ɗaya kuwa wata illar ce. Huhunsa kuma can sama yake, ƙarƙashin ƙoƙon baya, saboda haka idan ya kife kayan ciki ne ke danne shi.

Da muka isa bai yi saurin yanke hukunci ba. Ya taɓa gefen ido, ya ja ƙafar baya, ya tsaya yana jira. Can sai ƙafar ta ɗan janye. Ya yi masa allurar ƙarin ruwa ta lallausar fatar gindin cinya, ya ce a sa ido kan fitsarinsa, musamman farin abin nan mai kama da alli, domin ƙoda ce zafi ke taɓawa, kuma ba a ranar take nunawa ba.

Inda suka gaza: ba su da kayan gwajin jinin irin wannan dabbar, sai dai a nufi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Sikelinsu ma na kaji ne, sai da aka aro na mai awon masara a maƙwabta. Kuɗin kuma ya ɗan yi ciwo, kuma ba a faɗa mana ba sai da aka gama.

Kunkuru dai ya koma cin ganyensa. Likitan ya sa an fasa simintin kusurwa ɗaya a ƙarƙashin darbejiya don ya samu ƙasar haƙa rami, Baba na ta mita kan simintinsa. Mai niyyar zuwa ya fara kira, don ba kullum likitan ke zama ba, kuma ba sa buɗewa da dare.