Hattara da masu tallan injin tiyon ɗigo-ɗigo

Jama'a don Allah a yi hattara, akwai wasu da ke yawo a WhatsApp da Facebook suna tallan wani ɗan ƙaramin inji wai daga Chana, wai a shago ma za ka ajiye shi ka zuba ƙwayar roba ya dinga fito maka da tiyon ban-ruwa na ɗigo-ɗigo, irin wanda manoman rani ke shimfiɗawa a gonar tumatir da albasa. Za su ce ka ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, daga nan sai ka ji wai kwastan sun riƙe kwantena a Apapa a ƙaro wani abu, kana ƙarawa lambar ta daina shiga.

To ko da injin ya iso ma wallahi ba zai yi aikin ba. Irin wannan injin na yin bututu narka roba yake yi ya turo ta ta bakin mol kamar injin taliya, duk siffar da ke bakin nan ita za ta fito miƙe daga farko har ƙarshe, ko rami ɗaya ne ko uku. Shi kuwa tiyon ɗigo-ɗigo sirrinsa na ciki ne, wata 'yar roba mai hanya karkace-karkace da ke rage ƙarfin ruwa har ya koma ɗigo. Ita daban ake zuba ta a wani injin, sannan a dinga cusa ta cikin tiyon tun yana da zafi ta manne, duk bayan santimita 20 ko 30, sai wata na'ura ta huda daidai kanta. Ga tankin ruwan sanyaya, ga injin ja, ga na naɗewa, layi ne dogo mai cin wuta tiri-fes, wato babbar wuta irin ta masana'antu, ta ina janareton shago zai ɗauka?

Bidiyon da suke turowa na masana'antar wasu ne, shi ya sa ba ka taɓa ganin fuskarsu kusa da inji.

Kafin ka tura ko sisi ka ce a kai ka inda injin yake aiki, a yanko tiyo a gabanka ka tsaga da reza ka duba ciki. In ba ka san kan abin ba ka ɗauki wani injiniya daga kamfanonin roba na Sharaɗa ko Challawa a Kano ku je tare. Wanda kuma ya riga ya biya ya adana rasit da hirarsu ta waya, ya sanar da bankinsa yau yau, sannan ya kai ƙara EFCC.