Kofin Duniya na 'Yan Mata: 'Yan Ƙasa da 17 ko 'Yan Ƙasa da 20?

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta tambaya ko gasar kofin duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17 da ta 'yan ƙasa da 20 duk abu ɗaya ne, kuma wacce ta fi cancanta mutum ya ba ta lokacinsa. Malama, ga amsata.

FIFA ce ke shirya su duka biyu, amma ba sa'annin juna ba ne. Ta 'yan ƙasa da 20 ita ce yayar. An fara ta a Kanada a 2002, lokacin iyakar shekarun 19 ce, sai a 2006 a Rasha aka ɗaga zuwa 20. Ƙanwar ta biyo baya a 2008 a New Zealand. Da can kowacce bayan shekara biyu ake yin ta, yanzu kuwa hanya ta rabu. Daga 2025 ta 'yan 17 ta koma ta kowace shekara, da ƙasashe 24, kuma Maroko aka ba masauki har zuwa 2029. Ta 'yan 20 tana nan a kan shekara biyu-biyu, ita ma ta kai ƙasashe 24 tun wadda aka yi a Kolombiya a 2024.

Wannan na takarda ne. A fili bambancin ya fi haka girma.

Yarinya 'yar shekara 15 ko 16 ba ta gama girma ba. Za ki ga baiwa tsagwaronta, yanka da gudu da rashin tsoro, sannan a minti na gaba mai tsaron raga ta saki ƙwallon da bai kamata ya wuce ta ba. Shi ya sa gasar 'yan 17 ba ta da tabbas, kuma ƙa'idarta na ƙara mata wannan hali: idan aka tashi kunnen doki a zagayen sili-ɗaya-ƙwale, ba a ƙarin lokaci, kai tsaye ake zuwa bugun fenareti. Dubi tafiyar Flamingos ta Najeriya a Indiya a 2022. Da fenareti suka fitar da Amurka, da fenareti Kolombiya ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe, da fenaretin kuma suka doke Jamus suka ɗauki matsayi na uku. Bajinta ce ta gaske, ba na rage mata komai, amma ta nuna yadda tazarar ke da siriri a wannan mataki.

A 'yan 20 kuwa da yawa sun riga sun shiga manyan kulob, wasu har an fara kiransu babbar tawagar ƙasarsu. Wasan ya fi tsari da nauyi, kuskure ya fi tsada. Wadda ta yi fice a nan, da wuya a daɗe ba a sake jin sunanta ba. Marta ta Brazil ce gwarzuwar gasar 2004. Alexandra Popp ta Jamus ta zura ƙwallo 10 a 2010, shekarar da Jamus ta ci Falconets, tawagar 'yan 20 ta Najeriya, 2-0 a wasan ƙarshe. A 2014 Asisat Oshoala ta Najeriya ta ci Koriya ta Arewa ƙwallo huɗu ita kaɗai a wasan kusa da na ƙarshe da aka tashi 6-2, ta gama gasar da ƙwallo 7, ta haɗa kyautar gwarzuwa da ta takalmin zinare duk da Jamus ta sake ɗauke kofin da ci 1-0 a ƙarin lokaci. Bayan 'yan watanni Liverpool ta ɗauke ta.

Akwai ƙasashe biyu da nake so ki kwatanta, domin su ne suka fi bayyana abin da waɗannan kofuna ke nufi. Koriya ta Arewa ta ci kofin 'yan 20 sau uku, a 2006 da 2016 da 2024, ta ci na 'yan 17 a 2008 da 2016 da 2024 da 2025. Amma babbar tawagarta ba ta buga kofin duniya na 2015 da 2019 da 2023 ba. Sifaniya kuwa ta ɗauki na 'yan 17 a 2018, na 'yan 20 a 2022, sannan babban kofin a 2023, kuma Salma Paralluelo tana cikin tawagogin uku duka. Kofin yara ba ya zama kofin manya sai akwai gasar lig mai ƙarfi a gida da kulob ɗin da za su riƙe yaran bayan an tashi daga gasa. Wannan shi ne abin da ya fi damuna game da ƙasashen Afirka: yarinya ta haskaka wata guda, ta koma inda babu albashi tsayayye, shekara uku sai a neme ta a rasa.

Kada ki ɗauka na raina ta 'yan 17. Ita ce ke buɗe ƙofa ga waɗanda aka daɗe ba a duba ba. Ghana ta zo ta uku a 2012, Tanzaniya ta kai zagayen kwata fainal a zuwanta na farko a 2022. A 2016 an yi ta a Jodan, karon farko da gasar mata ta FIFA ta sauka a Gabas ta Tsakiya, kuma 'yan wasa suka shiga fili da hijabinsu bayan an ɗage haramcin a 2014. Mayar da ita duk shekara ma gyara ne mai kyau, domin a tsohon tsari wasu yaran shekarar haihuwarsu kawai ke hana su samun cikakkiyar dama.

To idan lokacinki na ɗaya ne kacal, Malama, ki bi ta 'yan 20, can ne za ki ga waɗanda ke gab da karɓar rigar babbar tawaga. Ta 2026 Poland ce mai masauki. Ta 'yan 17 kuma ki riƙa leƙa ta daga zagayen kwata fainal, ki rubuta sunan duk yarinyar da ta burge ki, ki duba ko za ta bayyana a tawagar 'yan 20 ta ƙasarta bayan shekara biyu.