Kajin gida ko kajin ƙwai na gidan gona: wanne ya dace da ƙaramin gida?

Wata 'yar uwa ta ce tana da kajin gida goma a bayan ɗaki, ƙwan da suke ba ta bai taka kara ya karya ba, shin ta sayar da su ta sayo kajin ƙwai na gidan gona?

'Yar uwa, idan ƙwai za a ƙirga, an gama magana. Kazar gidan gona tana fara yi tana da mako 18 zuwa 20, kuma takan yi 280 zuwa 300 a shekara, kowanne kusan giram 60. Ta gida sai ta kai wata 6 ko 7 kafin ta fara, ta yi 40 zuwa 60 a shekara, ƙwan kuma ƙanana ne, giram 35 zuwa 45.

Amma duba inda kwanakinta ke tafiya. Takan zuba ƙwai 10 zuwa 15 cikin mako biyu ko uku, ta hau kwanci kwana 21, sannan ta yi kusan wata biyu tana jan 'yan tsaki, duk lokacin nan ba ƙwai. Zagaye uku ko huɗu, shekara ta ƙare. Ita ta gidan gona an zaɓe ta ne har ta kusan manta kwanci, shi ya sa ba ta tsayawa, kuma shi ya sa ba za ta ƙyanƙyashe miki ko ɗa ɗaya ba. Idan ta tsufa, sai ki koma ki sayi wasu 'yan tsakin.

Sai cima. Kowace kazar gidan gona tana cin giram 110 zuwa 120 na haɗaɗɗen abinci kullum, guda goma sun haura kilo ɗaya ke nan. Ranar da kika tsallake ko kika cika da dusa, ƙwai ya ragu, zafi ma na taɓa ta sosai. Ta gida kuwa tono take, gara, ƙwari, ciyawa, ragowar hatsi, ɗan abin da kika watsa mata safe da yamma ƙari ne.

Akwai maganar da ake yawan yi wadda ban yarda da ita ba, wai kazar gida ba ta ciwo. Tana da juriya, gaskiya ne, amma cutar Niyukasil, annobar kaji mai saurin yaɗuwa, ba ta san wannan ba, takan share akurki cikin 'yan kwanaki. Akwai rigakafinta da ake kira I-2, wanda ake ɗiga wa kaji a ido, mai jure zafi, ana maimaitawa duk wata 3 zuwa 4.

Babbar asarar mai kajin gida tana wajen 'yan tsaki. Uwa takan ƙyanƙyashe kamar 8 cikin ƙwai 10, fiye da yadda mutane ke yaba mata, amma sau da yawa rabinsu ba sa kai wata biyu. Shaho da shirwa, muzuru, ɓera, sanyi, ruwan sama, yunwa. Da za ki kife su da uwarsu a babban kwando ko ɗan keji na mako 4 zuwa 6 na farko, ki ba su ruwa mai tsabta da abincin 'yan tsaki, za ki ga bambancin kafin zagaye na gaba. Zakara ɗaya ya ishi kaji goma, sai dai ki riƙa canza shi kada ya hau 'ya'yansa.

Ni a ganina kada ki sayar. Idan kina da ɗakin da za ki killace kaji da kuɗin abincin wata biyar kafin ƙwan farko ya faɗo, ki ƙara 'yan na gidan gona a waje dabam, kada su cakuɗu da naki. Idan babu, ki fara da rigakafi da kwandon nan.