Quartz 9000 5W-40: Baƙin mai ne nagari, amma ba maganin ƙarar inji ba ne

Idan inji ya fara ƙara, shawarar da ake ba mai mota a gareji ba ta wuce biyu: ko a ce ya koma baƙin mai mai kauri, 20W-50, ko a ce ya daure ya sayi mai tsada. Cikin masu tsadan, ɗaya daga cikin masu sauƙin samu a garuruwanmu shi ne Quartz 9000 5W-40 na TotalEnergies, tunda gidajen man kamfanin suna sayar da shi. Hukuncinmu a kansa tun daga farko: ya cancanci kuɗinsa a injin da aka ƙera domin irinsa. Wanda kuwa ya saye shi don ya kashe ƙara ba tare da an gano tushenta ba, sau da yawa asara ya yi.

Abin da rubutun bayan galan yake nufi

Lamba 40 tana nuna kaurin man a zafin digiri 100, wato zafin da inji yake aiki. Ƙa'idar SAE J300 ta ce mai 40 kaurinsa ya faɗa tsakanin santistok (ma'aunin kaurin mai) 12.5 da 16.3, mai 30 tsakanin 9.3 da 12.5, mai 50 kuma daga 16.3 zuwa 21.9. Ita 5W tana nuna yadda yake gudu da sanyi. Wasu kan ce ba ruwanmu da wannan tunda ƙasarmu zafi gare ta. Da ruwanmu. A digiri 40 ma, irin zafin Sakkwato a watan Afirilu, 20W-50 yakan kai santistok 150 ko fiye, shi kuwa 5W-40 wajen 90. Da asubar hunturu a Kano ko Jos tazarar ta fi haka. Man da ya riga isa kan kamshaf da sarkar tayimin bayan an tada mota shi ne ya fi kare su, domin a waɗannan daƙiƙoƙin ƙarfe yake cin ƙarfe.

Abin da ya fi ba man nan daraja shi ne matakin ACEA A3/B4 na masu ƙera motocin Turai. Ba kalmar talla ba ce, awo ne da ake yi a ɗakin gwaji. Uku daga ciki sun shafe mu kai tsaye.

Akwai gwajin Noack: a dafa man a digiri 250 na awa ɗaya, a auna abin da ya ƙone ya tashi. A3/B4 bai yarda ya wuce kashi 13 cikin 100 ba, alhali matakin API na gama-gari, na cibiyar man fetur ta Amurka, ya yarda da 15. Man da ba ya saurin tashi ba ya saurin raguwa a geji, kuma ba ya barin gawayi mai yawa a kan fistin. Akwai HTHS, kaurin man a digiri 150 lokacin da ake murza shi da ƙarfi kamar yadda yake sha tsakanin karanshaf da metal, wato ƙarafan da karanshaf yake juyawa a kansu. Dole ya kai 3.5. Man 5W-30 mai tsimin fetur yakan tsaya wajen 3.0. Wannan tazarar ita ce take amfanar mota mai lodi da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, tana hawa daga Akwanga zuwa Jos da tsakar rana. Sai TBN, ƙarfin man na kashe tsamin da ƙonewar fetur yake haifarwa. A3/B4 yana neman 10 ko sama. Ga mai shan fetur ɗin da ba kullum yake da tabbacinsa ba, wannan garkuwa ce.

Kalmar sintetik kuwa kada ta ruɗe ka. Tun bayan hukuncin da aka yanke a Amurka a 1999 kan taƙaddamar Mobil da Castrol, man da aka tace daga ɗanyen mai har ya kai rukuni na uku a jerin ingancin mai shi ma ana kiransa sintetik. Ba aibu ba ne. Dubi matakan da man ya ci, su ne shaida.

Ƙarar ba iri ɗaya ba ce

A nan ne kuɗin jama'a yake salwanta, domin kalma ɗaya, nokin, ake kiran cututtuka daban-daban da ita.

Ta farko ita ce ƙaras-ƙaras mai kama da tsakuwa a gwangwani, wadda take fitowa idan an taka totur a hawa ko an ja mota da babbar giya, ta ɗauke idan an sassauta ƙafa. Wannan ba ta baƙin mai ba ce, ta wuta ce: ragowar fetur da iska a silinda suna fashewa da kansu kafin wutar fulogi ta iso su. Abin da yake jawo ta shi ne fetur mai ƙarancin okten (ƙarfin fetur na jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba), irin wanda 'yan bumburutu suke gaurayawa, ko gawayi a kan fistin, ko fulogin da ba na injin ba, ko nozul da ya toshe, ko inji mai zafi fiye da kima saboda lagireto ya cushe. A sa kwamfuta a duba. Idan ta nuna lamba P0325, na nufin layin na'urar jin nokin ya sami matsala, P0171 na nufin iska ta rinjayi fetur. Quartz 9000 ba zai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Inda kawai yake da hannu shi ne idan inji yana zuƙar baƙin mai zuwa silinda, domin man da ya shiga wurin ƙonewa yana rage ƙarfin okten. Mai ƙarancin tashi yakan ɗan rage hakan, amma idan ringi ya mutu sai gyara.

Ta biyu ita ce duf-duf mai nauyi daga ƙasan inji, tana bin gudun injin, tana ƙara fitowa idan ya yi zafi, wani lokaci fitilar mai tana ƙyaftawa a silo. Metal ne ya cinye. A injin 1ZZ-FE na Corolla, ratar da ke tsakanin metal ɗin konrod da karanshaf bai kamata ta wuce milimita 0.06 ba, iyakarta ta ƙarshe 0.08. Idan ta wuce nan babu man da zai cike ta. 20W-50 ko zumar inji da ake ƙarawa sukan dushe ƙarar na ɗan lokaci, mai mota ya ɗauka ya warke, alhali karanshaf yana ci gaba da ciwo har inji ya buga a hanya. Abin yi a kwance na'urar fitilar mai, a ɗaura agogon awon matsi a gurbinta, inji da zafinsa. Toyota ta ce a wannan injin kada ya gaza kilofaskal 29 a silo, kuma ya kasance tsakanin 294 da 539 a juyi 3,000. Idan ya gaza, a sauke kaskon mai a duba rariyar famfo da metal tun ana iya yanka karanshaf da milimita 0.25, kafin a kai ga neman wani injin.

Ta uku ita ce garar-garar ta daƙiƙa biyu ko uku da safe, sannan ta ɗauke. A nan man yake da abin yi. Mai bai riga ya isa giyar VVT-i (mai daidaita lokacin buɗe bawul) ko abin ɗame sarka ba, ko dai don ya yi kauri, ko don filtar mai arha ce wadda bawul ɗinta ba ya riƙe mai idan mota ta kwana. Sauya 20W-50 da mai mara kauri tare da filta ta asali yakan rage ta sosai. Idan ba ta ragu ba, makullin cikin giyar ne ya lalace.

Akwai ta huɗu da ba ta shafi tsofaffin motoci ba: LSPI, fashewar da take riga fulogi a ƙananan injina masu turbo da suke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin Civic mai 1.5 daga 2016 ko EcoBoost na Ford. Tana faruwa idan an danna totur injin yana ƙaramin juyi, kuma bugu ɗaya yana iya fasa fistin. A nan haɗin man yana da hannu ƙwarai, domin an gano sinadarin wanke inji mai yawan kalsiyam yana ƙara ta. Shi ya sa aka fito da API SN Plus a 2018 da SP a 2020, masu gwaji na musamman a kanta. A3/B4 ba shi da wannan gwajin. Mai irin wannan mota ya juya galan. Idan bai ga SN Plus ko SP ko sama ba, ya ajiye.

Motar da ya dace da ita

Peugeot 406 da 307 da 407 masu fetur, Golf da Passat da aka rubuta musu matakin mai na VW 502 00, da sauran motocin Turai da littafinsu ya nemi A3/B4: nan ne gidansa. A 406 da aka daɗe ana ba ta 20W-50 ma bambancin yakan fito a tashin safe.

Motocin Japan na kwatano kuwa sai a hankali. Corolla 2003 zuwa 2008 an rubuta mata 5W-30, Accord mai silinda huɗu ta 2003 zuwa 2007 da aka kawo daga Amurka 5W-20. 5W-40 ba zai kashe su ba, ya kuma fi 20W-50 kusa da abin da suke so nesa ba kusa ba, sai dai za a ɗan ji a fetur, kuma in akwai 5W-30 na ƙwarai shi ya fi. Camry 2007 zuwa 2009 mai injin 2AZ-FE da take shan baƙin mai, cutarta a fistin da ringi take. Toyota da kanta ta fitar da sanarwar gyara a 2011. Zuba mata mai tsada ƙona kuɗi ne, har sai an canja su. Kada a sa shi a motar da aka rubuta wa 0W-20 ko 0W-16, ko sabuwar mai gas da take da matatar hayaƙi ta DPF, domin tokarsa tana toshe ta.

Awon man da aka yi aiki da shi

Masu motocin haya da kamfanoni masu motoci da yawa ya kamata su riƙa kai man awo. A ɗebi mililita 100 a kwalba mai tsabta, inji da zafi, daga tsakiyar zubar, ba farko ba ba ƙarshe ba. A rubuta kilomitan da man ya yi da adadin da aka ƙara. A haɗa da ɗan sabon man don a sami abin kwatantawa. Ƙarfe mai yawa a cikin man yana nuna cin silinda ko sarka, alminiyam fistin ko metal, jan ƙarfe da darma metal mai hawa uku. Silikon tare da alminiyam ƙura ce, sai a duba filtar iska da robobinta; a hunturu wannan shi ne ya fi cin injinanmu. Sodiyam da fotasiyam ruwan lagireto ne, gasket ya fara. Fetur da ya haura kashi 2 cikin 100 yana tsinka man, kuma motocin da aka cire musu tamostat sun fi fama da shi, domin injin ba ya ɗaukar zafin da zai kore shi. Awo ɗaya ba ya faɗin komai sosai, sai an jera biyu ko uku. Kuma na'urar ba ta ganin manyan ɓarɓashi, don haka a yanka tsohuwar filta a buɗe takardarta a rana. Ƙyalli ruwan zinariya ko azurfa ya ishe ka labari.

Juye

Ba mu goyon bayan a kai shi kilomita 15,000 a hanyoyinmu. Motar cikin gari mai shan cunkoso da ƙura a juye a 5,000 zuwa 6,000, mai doguwar tafiya a 8,000, kada kuma ya haura wata shida. Injin da ya daɗe a kan mai arha, juyen farko a yi shi a 2,500, domin man zai sassauto da dauɗa. Kada a wanke inji da kananzir ko gas, gudajin da za su ɓalle rariyar famfo suke toshewa. Idan yoyo ya bayyana bayan sauyin, tsohon sil ne da dauɗa take rufe wa asiri, a canja shi.

Babban rauninsa, bayan tsada, shi ne jabu, kamar kowane mai da ya yi suna. A saya a gidan man kamfanin ko wurin dilan da aka sani, a duba murfin ba a taɓa ɓalle shi ba, lambar zubi a buge take sarai, a tsaya a zuba a gaban ido. Bayan an gama a huda galan ɗin kafin a bar shi a gareji, domin irinsa ake tsinta a sake cikawa.