Na biya an duba mini Mustang kafin ciniki

Masu duba mota kafin a saya sun fara yawa a Legas. Na gwada wani kamfani daga cikinsu a kan Ford Mustang GT ƙirar 2016, 'yar tokunbo (wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje), wadda wani dillali ɗan unguwarmu a Agege ya kai ni na gani a kasuwar motoci ta Berger da ke Apapa. Abin da suka caje ni bai kai kuɗin tayar motar guda ɗaya ba, kuma kuɗin sun halatta. Sai dai ba kwamfutar da suke ta talla da ita ce ta halatta su ba, mutumin da suka turo ne.

Tun a waya ya gindaya sharaɗi: kada kowa ya tayar da motar sai ya iso. Dillalin bai ji daɗi ba. "Haba Alhaji, motar da ko ƙura ba ta sha ba, me za a duba?" Da mai dubawar ya zo, sai da ya ɗora tafin hannu a kan injin ya ji sanyi kafin ya karɓi makulli. Injin V8 ne mai lita 5.0, ƙarfin doki 435, kuma rurin salansarsa kaɗai ya isa ya danne duk wani ƙaramin kuka. Idan kuwa ya riga ya yi zafi, ƙwanƙwasar da ke fitowa a tashin farko ta wuce ka. Ya kasa kunne, ya duba hayaƙi, ya leƙa murfin baƙin mai ko ya yi fari-fari, alamar ruwa ya gauraya. Nan dai lafiya lau.

Kwamfutar da ya jona ƙarƙashin sitiyari ba ta nuna laifi ko ɗaya ba, dillali har ya fara washe baki. Mai dubawar ya shiga wani shafin ya nuna mini cewa gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta duk ba su kammala ba. Ma'ana, kwanan nan aka goge ƙwaƙwalwarta. Ya yi adalci, ya ce mutuwar batir ma tana jawo haka, kuma motar da ta sha zaman jirgin ruwa da na tashar jiragen ruwa ta Tin Can ba abin mamaki ba ne batirinta ya mutu. Amma bai tsaya nan ba. Ya sa aka ɗaga ta, ya haska fitila a bututun salansa, sai ga sabuwar walda, zobe biyu, ko tsatsa ba su fara ba. An fasa tukunyar tace hayaƙi an kwashe abin da bakanikai ke kira indomi, wanda ake sayarwa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Da na saya a haka, ba a jima ba fitilar injin za ta kunno kai, ni kuma in kama hanyar Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota.

Bodi ma ya tona. Da ɗan ma'aunin kaurin fenti ya bi ta gaba da baya. Ko'ina daidai, ban da kwankwason dama na baya, inda awon ya ninka sau da yawa. Ciko ne aka shafe. Lambar casis mai harufa da lambobi 17 ta tabbatar: kamfanin inshora ne ya yi gwanjonta a Amurka bayan an buge ta ta baya. Wannan bai tayar mini da hankali ba, don tokunbo da yawa daga gwanjon kamfanonin Copart da IAAI na Amurka suke. Motar da ambaliya ta ci nake tsoro, shi kuwa ya ɗaga kafet, ya duba notocin kujeru, ya ja bel har ƙarshe, babu laka babu tsatsa. Tayoyin baya sun suɗe, na gaba kuma an buga 2318 a jikinsu, wato mako na 23 na 2018, alhali hukumar kiyaye haɗurra shekara huɗu take ba taya.

Inda suka gaza, sun gaza. Gwajin tuƙi wasa ne: tsakanin tireloli da tankokin Apapa ko giya ta uku ba mu shiga ba, a motar da sai ta saki jiki ake gane halin giyarta da birkinta. Takardun kwastan kuwa kallonsu kawai ya yi, ya ce tantancewa ba aikinsu ba ne, ga shi kuma nan ne ake kwace wa mutum mota a hanyar Arewa. Rahoton da suka turo daga baya Turanci ne zalla da korayen alamomi jere, indomin da aka kwashe ma layi ɗaya aka ba shi can ƙasa. Wanda zai ɗauke su ya je da kansa ya tsaya a kai, kada ya jira takarda a waya.

Mai motar ya yarda ya rage kuɗin indomi da na tayoyi huɗu. Ban ba da ko kafin alƙalami ba tukuna, sai wani ɗan'uwa mai aikin fito a tashar Apapa ya tabbatar mini an biya diyuti cikakke.